Don Allah wace kalma za mu sa wa "stealth" a Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a, ku taimaka min don Allah, gobe ƙarfe bakwai na safe zan miƙa rubutun wani shirin rediyo kan sababbin jiragen yaƙi, komai ya tafi daidai sai kalma ɗaya ta cije, wato "stealth". Maganar B-21 Raider ce wanda Amurka ta nuna wa duniya a Disamba 2022 ya fara tashi a Nuwamba 2023, ga kuma F-35 na Amurka da J-20 na China da Su-57 na Rasha, kalmar ta fito min sau goma sha ɗaya a shafi uku kuma ba zai yiwu kowane karo in tsaya dogon bayani ba.

'Yar Jarida: Wa alaikumus salam. Jirgi mai layar zana mana. Shi muke sawa kuma kowa na ganewa nan take.

Ɗalibi: Ni a ganina jirgin sanɗa ya fi, ai ma'anar kalmar kenan tun asali, mutum ya lallaɓo ba a ji motsinsa ba.

Tsohon Injiniya: Hajiya ki yi haƙuri, layar zana tana da daɗi a kunne amma ƙarya take yi wa mai sauraro. Jirgin nan ba ɓacewa yake ba, in ya wuce ta kanka da rana ido zai gan shi kunne zai ji shi. Ita rada igiyar rediyo take harbawa sama, in ta bugi jirgi ta dawo sai a gan shi a allo. To su sai suka ƙera jikin jirgin yadda igiyar za ta zame ta yi wani gefen maimakon ta koma inda ta fito, suka shafe shi da abin da ke shanye wani ɓangarenta, bamabamai ma a cikin cikinsa ake ɓoye su don na rataye a fiffike suna tona asiri, inji kuma a binne. Sai ƙaton jirgi ya fito a allo ɗan mitsitsi, ko kuma ba a ankara da shi sai ya zo kusa. Rage gani ne kawai. Ranar 27 ga Maris 1999 sojojin Yugoslabiya sun kakkaɓo F-117, jirgin "stealth" na Amurka, a Sabiya da S-125, tsohon makamin Tarayyar Sobiyet na shekarun 1960. Mai layar zana ai ba a harbo shi.

Malamin Harshe: Duk kun kewaye kun bar kalmar a gida. BADUHU. Kalma ɗaya tak, tamu ce gada da gada, asirin da ke hana a ga mutum. Jirgin baduhu, fasahar baduhu, ta shiga ko'ina ba tangarɗa. Shekara uku ina koya wa ɗalibaina haka. Kuma Injiniya don Allah mece ce "rada"? Ba mu da na'urar hango jirage ne?

'Yar Jarida: Malam Allah ya gafarta, yaran yanzu nawa ne suka san baduhu? In na faɗa a iska sai na sake fassara fassarar.

Malamin Harshe: To laifin wa? Naku ne 'yan jarida, ku kuke binne kalmomi da ransu. Faransawa suka ce "furtif" da harshensu, Larabawa suka ce "shabah" wato fatalwa, ba wanda ya tsare su ya ce ai jirgi ba fatalwa ba ne kun yi ƙarya. Sai mu ne kullum in an kawo kalmarmu a ce ba ta cika kimiyya ba, in Bature ya ari kalmar mafarauta ya sa wa jirgi an ce hikima, in mu muka ari tamu an ce camfi. Wannan raina kai yana ci min rai wallahi.

Ɗalibi: Amma Malam bindiga da harsashi daga Larabci suke, soja daga Turanci, kuma ba wanda ya ce ba Hausa ba ne, me ya sa rada ce kawai ba za ta shiga ba?

Malamin Harshe: Saboda in ka rubuta ta mutum zai karanta raɗa, ya zaci gulma ake. Sanɗarka ma haka, a waya ba ƙugiya sai ta koma "jirgin sanda" a ɗauka na 'yan sanda ne.

Tsohon Injiniya: Kan sanɗa na yarda da Malam, kuma akwai wata matsalar, sanɗa tafiya ce a hankali alhali F-35 ya fi sauti gudu. Amma baduhu da layar zana uwa ɗaya uba ɗaya ne, duka biyun cewa suke ba a gani sam.

Mai Fassara: Jama'a dare na yi, bari in gwada muku a jimlar da ke gabana. A 2019 Amurka ta cire Turkiyya daga shirin F-35 saboda ta sayi S-400, makamin kakkaɓo jirage na Rasha, tsoronsu kada radar S-400 ta riƙa nazarin jirgin a kusa har Rasha ta san yadda ake gane shi. To in na ce jirgin baduhu ko mai layar zana, mai sauraro zai tambaya, abin da ba a gani me ake tsoron a koya a kansa? Jimlar ta rushe kenan. Nan ne matsalata take tun farko.

'Yar Jarida: Gaskiya a nan kam ka kama ni. To ka ce jirgi mai zille wa rada, zillewa ai ƙoƙari ne, wani lokaci a yi nasara wani lokaci a kama ka.

Tsohon Injiniya: Wannan ta yi. Ko mai shammatar rada, amma zillewa ta fi sauƙi a baki.

Malamin Harshe: Kalma biyar don a guje wa kalma ɗaya, kuma har da aro a ciki. Wannan ba suna ba ne, bayani ne. Ku ƙirga sau goma sha ɗaya ku gani ko mai karantawa numfashinsa zai kai.

Mai Fassara: Malam maganarka gaskiya ce, doguwa ce. Ga yadda zan yi, karon farko zan ce jirgi mai zille wa rada, wato na'urar hango jirage, in ƙara jimla ɗaya daga bayanin Injiniya, daga nan sai in riƙa cewa jirgin zilliya ko fasahar zilliya. Layar zana zan bar ta a kanun shirin kawai saboda edita na sonta. Na gode ƙwarai, Allah ya saka.

Malamin Harshe: Zilliya dai Hausa ce, ba zan ja ba, ko da yake ni ba ta kwanta min ba. Amma don Allah ɗana ka sa baduhu ko sau ɗaya ne a ciki, ka ce "wanda wasu ke kira jirgin baduhu", yaran su ji ta a kunnensu.

Mai Fassara: Na sa ta a sakin layi na biyu Malam.