Wai dole sai bugun farko faifan jaz ke daɗin ji?

Kawu Mai Garmaho: Ni magana ɗaya gare ni. Faifan jaz in ba bugun farko ba ne, kwafi kake saurare. Ku ɗauki na kamfanin faifai na Blue Note na shekarun 1950. Rudy Van Gelder ne ya ɗauki kiɗan, shi kuma ya yanka shi a faifai da hannunsa tun tef ɗin yana sabo ful. Shi ya sa muke neman RVG, haruffan farko na sunansa, a ɗan filin nan da ke kewaye da tambarin tsakiya, da alamar kunne ta Plastylite, kamfanin da ke buga musu. Tef tsufa yake yi. Mai yanka yau, bayan sama da shekara sittin, saura ya tarar.

Injiniya: A gafarce ni Kawu, ba haka abin yake kullum ba. Masu yanka na da suna lura da na'urorin da ke gidajen mutane, waɗanda allurarsu ke tsalle in kaurin sauti ya yi yawa, sai su rage shi da gangan. Ga kuma faifan Kind of Blue na Miles Davis, na 1959. Na'urar da ta ɗauki waƙoƙin gefen farko ba ta juya daidai ba, don haka bugun sitiriyo ya ɗan zarce a sauri, muryar ƙaho ta ɗan hau sama. Sai a 1992 aka gyara. Shekara talatin da wani abu mutane na yaba kuskure.

Kawu Mai Garmaho: Ai ni mono nake ji, yaro. Wa ya aike ka sitiriyo?

Hajiya Ƴar Allura: Ku duka kun tsallake abin da ya fi damuna. Faifan da ya sha allura mai nauyi tun 1958, tsagin cikinsa ya cinye. Ƙura tana fita da wanki, cinyewa ba ta fita. Za ka ji fiyano yana karkarwa, musamman a waƙar ƙarshe, can kusa da tsakiya inda tsagin ya fi matsewa. Wannan ne daɗin bugun farkon da Kawu yake yabo? Ni dai sabon bugun da Blue Note ke fitarwa da sunan Tone Poet, wanda Kevin Gray ke yankawa daga tef na asali, ya ishe ni.

Ɗan Auta: Hajiya, su ma sababbin a yi hattara. A 2022 ta fito fili cewa kamfanin Mobile Fidelity, masu sake buga tsofaffin fayafayai, sun daɗe suna bi da sautin ta dijital kafin su yanka, alhali masu saye sun ɗauka daga tef ne kai tsaye.

Kawu Mai Garmaho: Kun ji ko! Allah ya yi maka albarka Auta.

Injiniya: Kawu kada ka yi saurin murna. Masu cewa kunnensu na gane dijital daga nesa su ne suka yi ta yabon waɗannan fayafayan, ba kunne ne ya tona asirin ba. A rufe maka ido, a daidaita ƙarar biyun, sannan mu ji zaɓinka.

Hajiya Ƴar Allura: Kuma ina da tambaya. Blue Note sun sha sake buga faifai da ƙarfen bugu da aka samo daga yankan Van Gelder na farko, har bayan kamfanin Liberty ya saye su, RVG ɗin na nan a jiki. Cikin abin da ya sauya akwai adireshin kamfanin da ke kan tambari, na Lexington ya koma na 47 West 63rd, daga baya New York kawai. To Kawu, in yanka ɗaya ne, adireshi kake saurare ko kiɗa?

Kawu Mai Garmaho: Ƙarfen bugu ma yana gajiya, Hajiya, faifai na farko da na dubu ba ɗaya ba ne. Amma Injiniya, na karɓi gwajin. Ka zo da naka, sharaɗi ɗaya: allurata za a sa, ba taka ba.