Neman shawara: an nemi a sa ƙanina cikin binciken likitoci bayan tiyata

Mai tambaya, daga Mabera:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. An yi wa ƙanina ɗan shekara 19 tiyatar gaggawa a wani asibiti a nan Sakkwato, bayan taifot ta huda masa hanji. Yana samun sauƙi, alhamdu lillahi. Yanzu wani likita ya kawo takarda yana neman izinin sa shi cikin bincike, inda za a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a domin kwatanta hanyoyi biyu na kula da raunin tiyata, kuma za a ɗebi jininsa. Mahaifinmu ya ce ba za a mayar da ɗansa zakaran gwajin dafi ba, ni kuwa tsorona kada ƙin sa hannu ya sa a yi sakaci da shi. Me kuke ba mu shawara?

Wani dattijo, daga Ƙofar Rini:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka ga laifin mahaifinku, domin tsoronsa yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, sha ɗaya daga cikinsu suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ni dai da ɗana ne, ba zan yi gaggawar sa hannu ba.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Baba, gaskiya ka faɗa, kuma abin da ya faru a Kano yana cikin dalilan da suka sa aka tsaurara doka. Tun 2007 Najeriya take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya a ƙarƙashin kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, wato NHREC, Dokar Lafiya ta 2014 kuma ta wajabta izini a rubuce kafin a yi bincike a kan mutum. Ɗan uwa, ga amsar abin da ya fi damunka: ƙin shiga bincike ba ya rage wa majiyyaci haƙƙinsa na magani ko kaɗan, kuma ko ya shiga yana iya janyewa duk ranar da ya ga dama ba tare da ba da dalili ba. Ka tambayi likitan ko kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ya amince da aikin, ka ce a nuna maka lambar amincewar. A karanta muku takardar da Hausa, a ba ku kwafi, a faɗa muku wanda zai ɗauki nauyin magani idan wata illa ta biyo baya, da inda za a kai jinin da abin da za a yi da shi. Sannan abin da aka fi mantawa: ƙaninka baligi ne, yana cikin hayyacinsa, saboda haka izinin nasa ne, ba naka ko na mahaifinku ba, ko da yake ya dace ya yi shawara da ku.

Wani likitan tiyata:
Ina goyon bayan 'yar uwa, amma ina roƙon kada a rufe ƙofa tun kafin a ji bayani. Cikin da hanji ya fashe a cikinsa ya gurɓace, shi ya sa raunin irin wannan tiyata yake yawan ruɓewa ya yi mugunya, wani lokaci ɗinkin ya buɗe, jinya ta tsawaita, kuɗin iyali su ƙare. Ba mu da hanyar sanin abin da ya fi rage wannan sai ta kwatantawa. Wani bincike mai suna ChEETAh, da aka buga a mujallar Lancet a 2022, an yi shi a ƙasashe bakwai har da Najeriya kan marasa lafiya fiye da 13,000, ya nuna cewa sauya safar hannu da kayan aiki kafin rufe ciki ya rage ruɓewar rauni daga kusan kashi 19 cikin ɗari zuwa kashi 16. Ƙuri'ar da ta tsorata ku kuwa ana yin ta ne domin kada son zuciyar likita ya zaɓi wanda za a yi wa wace hanya. Tambayar da nake so ka yi ita ce: hanyoyin biyu duka ana amfani da su a asibitoci tun da can, ko ɗaya sabuwa ce da ba a taɓa gwadawa ba? Idan sabon magani ne, sai an sami amincewar NAFDAC ma.

Mai tambaya:
Allah Ya saka muku da alheri. Likita, idan likitan da ya kawo takardar ya amsa cewa ɗaya sabuwa ce, sai mu ƙi?

Likitan tiyata:
Ba lallai ba, amma a nan ne za ku nemi a fayyace muku illolin da aka riga aka sani da wanda zai riƙa bibiyar raunin bayan sallama. Ka je da mahaifinku ya ji da kunnensa, kuma ku nemi kwana ɗaya ku yi nazari. Idan aka matsa muku lamba ko aka ƙi ba ku kwafin takardar, kada ƙaninka ya sa hannu, ku kai ƙorafi ga kwamitin ɗa'a na asibitin.