Takardar gado daga Almeriya: wa zai juya mana ita zuwa Turanci?

Baban Amira: Salamu alaikum jama'a. Baffanmu ya rasu a Almeriya, can ƙasar Sifaniya. Bai bar mata ko ɗa ba, iyayensu sun jima da rasuwa, wasiyya ma babu. Notariyo, wato jami'in da ke tabbatar da takardun doka, ya fitar da takardar magada, wadda suke kira declaración de herederos. Akwai ɗan kuɗinsa a wani banki a Ingila, sun ce sai an kawo ta da Turanci. Na saka ta a manhajar fassara, sai ga "double link brother" da "political brother". Wajen wa za ku tura ni?

Hajiya Maman Sadiƙ: Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ɗana, rufe manhajar nan. Traductor jurado za ka nema, mai fassarar da ma'aikatar harkokin wajen Sifaniya ta ba hatimi. Sunayensu na shafin ma'aikatar, ka duba na Turanci. Ka fara tambayar bankin ko suna son tambarin apostil, wanda ke tabbatar da takarda don amfani a ƙasar waje, a kan ta asalin, don in suna so, shi ake fara bugawa kafin fassara, kada ka biya sau biyu.

Lauya Ɗan Katsina: Allah ya gafarta masa. Hermano político ba ruwansa da siyasa, surukuta ce: mijin 'yar'uwa ko ɗan'uwan mata, brother-in-law ke nan. Tunda marigayin ba shi da mata, ina jin mijin gwaggonku ne ya tsaya shaida. Ɗayar ce ta fi damuna. De doble vínculo shi ne uwa ɗaya uba ɗaya, haka sashe na 920 na Código Civil, kundin dokar Sifaniya, ya bayyana. Sashe na 949 kuma ya ce in irin wannan ɗan'uwa ya haɗu a gado da wanda suka haɗa uba kawai ko uwa kawai, nasa kason ninki biyu ne. Dokar gadon Ingila ta 1925 tana da kalmominta, of the whole blood da of the half blood. Su nake so ka gani a fassarar. In aka rubuta brother ga kowa, an shafe abin da rabon ya dogara a kai.

Malam Na Bakin Kasuwa: Ashe shaƙiƙi da li'abi da li'ummi ne. Sai dai a wurinmu shaƙiƙi namiji yana katange li'abi gaba ɗaya, li'ummi kuwa sudusi ne nasa in shi kaɗai ne. Me ya sa ba za a raba yadda addini ya ce ba?

Lauya Ɗan Katsina: Allah gafarta Malam, tun 2015 ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce a bi dokar ƙasar da mamaci yake zaune, sai in ya zaɓi ta ƙasarsa a wasiyya. In kuɗi ya shigo hannu magada na iya zama da ku a gyara a tsakaninsu. Mai fassara dai abin da ke takarda zai rubuta.

Anti Maman Iman: Ni tawa shawarar, kafin ka je wajen kowa, ka zana bishiyar gidanku a takarda: kakanku, matansa, 'ya'yan kowane ɗaki. Ka miƙa wa mai fassara tare da takardar. Hermanastro kaɗai ta isa ta rikita shi, don wasu agola suke nufi da ita, wasu ɗan'uba. Na farko stepbrother ne, ba ya gado. Na biyu half-brother. Sannan hermanos da hijos suna haɗa maza da mata, kada gwaggonninku su ɓace a cikin "brothers".

Baban Amira: Anti, wallahi gwaggonni uku ne a ciki. Na ga kuma an rubuta colaterales hasta el cuarto grado, manhajar ta ce "fourth grade" kamar ɗan aji huɗu.

Lauya Ɗan Katsina: Degree ake cewa. Ana hawa zuwa kakan da aka haɗa, a sauko, kowane mataki ɗaya. Ɗan'uwa biyu, kawu ko baffa uku, ɗan baffa huɗu, shi ne primo hermano, first cousin, duk da kalmar hermano da ke maƙale da shi. A huɗun nan gadon dangi na gefe yake tsayawa in babu wasiyya. Tío segundo kuwa, wato ɗan baffan mahaifinka, ba "second uncle" ba ne, Turawan Ingila first cousin once removed suke cewa, kuma da ita suke kiran sobrino segundo ma. Irin wannan na fi so a bar ta Sifaniyancin a gefe, a ƙara jimla guda ta bayani.

Ɗan Agadas: Lissafin nan ku riƙe shi ko don wurin aiki. A Sifaniya hutun rasuwa na kwana biyu zuwa mataki na biyu ne, na jini ko na surukuta, a ƙara biyu in akwai tafiya. Kaka da suruki sun shiga, baffa bai shiga ba.

Anti Maman Iman: Don duba aikin da za a kawo maka, akwai Diccionario panhispánico del español jurídico a intanet, kyauta ne, amma Sifaniyanci zalla. Mai harshe biyu, na Alcaraz da Hughes masu fassara suka fi riƙewa. IATE, ma'ajiyar kalmomi ta Tarayyar Turai, ba laifi, sai dai ba ta cika zurfi a sunayen dangi ba. Wata kuma sai Hausa: concuñada facala ce, Turanci sister-in-law kawai zai ce.

Hajiya Maman Sadiƙ: Ka sa ya duba parientes ma, dangi ne, ba parents ba. Kuma sunayen su fito harafi da harafi yadda suke a fasfo, Muhammadu kada ya koma Mohamed.

Baban Amira: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Lauya, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nasa ya riga shi rasuwa, ya bar yara biyu a Kano, an sa por estirpes a gaban sunansu.

Lauya Ɗan Katsina: Kason ubansu za su raba a tsakaninsu. Per stirpes za a rubuta, Latin ce, lauyoyin Ingila da ita suke aiki. Turo min wannan shafin ta gefe, ka rufe lambobin NIE, wato lambobin shaidar baƙi a Sifaniya, kafin ka ɗauki hoton.