Rage nauyin bidiyon da aka ɗauko daga PlayStation ba tare da hoton ya dagule ba

Mazaunin Jidda ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar bidiyo, domin kwana uku ke nan ina fama da abu guda ban ga kansa ba.

Duk daren Alhamis, tun da washegari babu aiki, mukan taru mu shida a ɗakina mu yi gasar ƙwallo a PlayStation 5. Ƙanena da ke Kano, wanda da shi muke bugawa kafin in taho, ya dame ni da in riƙa turo masa wasannin ya gani. Saboda haka na sayi ƙaramar na'urar ɗauka, wadda ake soka mata wayar HDMI daga na'urar wasan, ita kuma ta shiga kwamfuta ta USB. Na kashe HDCP, wato kariyar da ke hana kwafar hoto, a saitin PlayStation kamar yadda aka nuna mini, na sa OBS Studio, manhajar ɗaukar bidiyo, na ɗauki gasar makon jiya a girman hoto 1080, firam 60, wato hotuna 60, a kowane sakan.

Ɗaukar awa ɗaya da rabi ta ba ni fayil mai kusan giga 40, alhali rumbun kwamfutar gaba ɗayansa giga 256 ne. Na yi ƙoƙarin kwashe shi zuwa filas, ya ƙi shiga duk da akwai wuri. Daga nan na samo wata manhaja da ke tambayar girman da mutum yake so, na rubuta mata mega 700, ta kwana tana aiki. Da safe na buɗe, sai na tarar idan 'yan wasa suna tsaye hoton ba laifi, amma da zarar an buga doguwar ƙwallo kyamara ta bi ta, sai ciyawar filin ta koma murabba'ai kamar saƙar tabarma, ƙwallon ta ɓace, sunayen 'yan wasa ba sa karantuwa. Ga shi kuma ihun da muke yi idan an ci yana zuwa bayan ƙwallo ta daɗe a raga.

Shin akwai hanyar da zan bi fayil ɗin ya yi sauƙin da ƙanena zai iya saukewa da datarsa, kuma hoton ya kasance abin kallo?

Mai gyaran kwamfuta a Makka ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga maganar manhaja, akwai ɗan lissafin da idan ka riƙe shi sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. Girman fayil ɗin bidiyo ba komai ba ne illa yawan bit, wato ƙaramin ma'aunin data, da aka ware wa kowane sakan, a ninka da tsawon lokacin, a raba takwas domin a mayar da shi bayit. Awa ɗaya da rabi sakan 5,400 ne. Tun da ka samu kusan giga 40, ɗaukarka ta tafi ne a kan megabit 60 a sakan ko kusa da haka. Da ka tilasta wa waccan manhajar mega 700 kuwa, abin da ka bar wa kowane sakan bai wuce megabit ɗaya da ɗan ɗoriya ba, kuma a cikinsa ne sauti ma zai ci nasa rabon. Ba laifinta ba ne. Ka ba ta buhun gero ka ce ta zuba a kwanon awo.

Ka kuma sani cewa giga 40 ɗin nan ma matsattsen bidiyo ne. Hoton 1080 yana da ɗigo 2,073,600, kuma idan kowane ɗigo ya ci bayit uku, aka ninka sau 60, ɗanyen bidiyon zai kai wajen mega 373 a sakan guda. Wato an riga an rage shi kusan ninki hamsin tun a wurin ɗauka.

Dalilin da ya sa ciyawa ce ta fara lalacewa shi ne yadda matsewar take aiki. Ba kowane firam ake ajiyewa cikakke ba. Ana ajiye cikakke ne jefi-jefi, sauran kuma a rubuta bambancin da ke tsakaninsu da na kusa da su kawai. Idan mutum yana zaune yana jawabi a gaban bango, bambancin kaɗan ne, shi ya sa bidiyon wa'azi na awa guda yake da sauƙi. Filin ƙwallo kuwa cike yake da ƙananan zane-zane, ga 'yan kallo a bayansa, kuma idan kyamara ta juya duk ɗigon da ke allon sai ya motsa a lokaci guda. A wannan lokacin ne ake bukatar bit masu yawa, idan babu su sai manhajar ta shafe ƙananan bayanan ta bar maka murabba'an da ka gani.

Shawarata ita ce ka daina faɗa wa manhaja girman da kake so, ka faɗa mata ingancin da kake so. Ka sauke HandBrake, manhajar matse bidiyo, kyauta ce. A sashen bidiyo ka zaɓi tsarin matsewa H.264 na x264, ka sa shi a kan tsayayyen inganci, inda za ka ga lambar RF. Ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 51, kuma ƙaramar lamba ita ce inganci mai yawa da fayil mai nauyi. Masu manhajar da kansu sun ba da shawarar 20 zuwa 24 ga hoton 1080, da 19 zuwa 23 ga 720. Abin da aka saba gani shi ne ƙarin shida a kan lambar yana rage girman fayil da kusan rabi. Amfanin wannan hanya shi ne manhajar za ta yi tsimi a wurin da hoto yake tsaye, kamar lokacin zaɓen 'yan wasa, ta kashe abin da ta tara a wurin da ake gudu. A wurin saurin aiki ka zaɓi Slow idan kana da haƙuri, domin tana ba da fayil ƙarami a inganci ɗaya, sai dai ta fi cin lokaci.

Amma kafin duk wannan, ka yanke. Ba na jin ƙanenka yana bukatar ganin minti goma da kuka ɓata kuna gardamar wa zai ɗauki wace ƙungiya. Manhajar LosslessCut tana yanke bidiyo ba tare da ta sake matse shi ba, cikin 'yan sakanni, kuma babu abin da ke rage nauyi ba tare da asara ba kamar cire abin da ba a so.

Batun filas kuwa, kusan tabbas an tsara shi ne da FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4. Ka kwashe abin da ke ciki, ka sake tsara shi da exFAT.

Ɗalibi a Madina ya amsa:

Bayanin Malam na Makka ya gamsar, Allah ya ƙara sani. Ni dai ina so in yi magana ta ɓangaren mai karɓa, domin kafin in zo karatu ni ne ƙanen da ake turo wa irin waɗannan abubuwa.

Na san wani zai zo ya ce a yi amfani da H.265, tun da ya fi sabunta. Gaskiya ne an fitar da shi a 2013, shekara goma bayan H.264 na 2003, kuma yana ba da fayil ƙarami a inganci iri ɗaya. Akwai ma AV1 na 2018. Amma ni ban ba da shawarar ko ɗaya daga cikinsu ba sai ka tabbatar da irin wayar da ke hannun ƙanenka. Wayar da ba ta da sashen da ke warware H.265 a cikin guntunta sai ta ɗora aikin a kan firosesa, ta yi zafi, hoton ya riƙa tsayawa, batir ya zube. H.264 kuwa da wuya ka samu wayar da ba ta buɗe shi. Idan ajiyar kanka za ka yi a kwamfuta, to H.265 ya dace, amma abin aikawa gida a bar shi a tsohon da kowa ya sani.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi zaɓen kodek, wato tsarin matsewa, tasiri, shi ne ka sauko da hoton zuwa 720. Ɗigonsa 921,600 ne, bai kai rabin na 1080 ba, kuma a allon waya mai inci shida ba kowa ne zai gane bambancin ba. Hoton 720 mai tsabta ya fi 1080 da aka shaƙe wa wuya kyan gani nesa ba kusa ba. Sai dai kada ka taɓa firam 60 ɗin. Na taɓa mayar da wasan ƙwallo 30 don in rage nauyi, ragin bai kai yadda na zata ba, ƙwallon kuma ta riƙa tafiya tana tsalle-tsalle.

Sannan ka kula da hanyar aikawa. Idan ka tura shi a WhatsApp a matsayin bidiyo, za a sake matse shi, wahalar da ka sha ta tafi a banza. Ka tura shi a matsayin takarda, wato Document, wanda ake karɓa har giga 2, zai isa yadda ka aika shi. Hanyar da ta fi sauƙi ga mai ƙaramar data kuma ita ce ka ɗora a YouTube, ka sa shi a yanayin da sai mai mahaɗin ne zai gani. Can za su yi masa kwafi daban-daban, shi kuma ya zaɓi 360 ko 480 gwargwadon ƙarfinsa. Idan wannan za ka yi, kada ka matse shi sosai tun da su ma za su sake matsewa. Abin da suka ba da shawara ga 1080 mai firam 60 shi ne megabit 12 a sakan, wato wajen giga biyar da rabi a awa. Intanet ɗin gida a Jidda ba zai gaza wannan ba.

Mai tace bidiyo a Riyad ta amsa:

Ba a taɓo maganar sauti ba, kuma ita ce ta fi ba mutane wahala. Ɗan'uwa, ka koma kan fayil na asali ka duba abu guda: jinkirin daidai yake daga farko har ƙarshe, ko ƙaruwa yake yi?

Idan daidai yake, to daga wurin ɗauka ne. Hoto yana ɗan jinkiri kafin ya ratsa na'urar ɗauka ya iso kwamfuta, makirufo kuma tasa hanyar daban, don haka ba lallai su iso tare ba. A cikin saitin sauti na OBS akwai wurin da ake sa wa kowace kafar sauti jinkiri ko gaggawa da milisakan. Ka dakatar da wasa ka ci gaba sau biyu ko uku kana faɗin "yanzu" daidai lokacin da ka danna, ka duba tazarar a abin da aka ɗauka, ka gyara sau ɗaya. Ina kuma ba ka shawarar ka raba sautin wasa da na makirufo a layuka daban, OBS tana ba da har shida, domin ranar da ihun abokanka ya danne mai sharhi ka iya rage shi shi kaɗai.

Idan kuwa a asalin lafiya yake, sai a matsattsen ne yake ƙaruwa, to matsalar daga yawan firam ne da bai tsaya wuri ɗaya ba. A HandBrake ka sa 60, ka zaɓi tsayayyen yawan firam. Sautin kuma a tsarin AAC, kilobit 160 a sakan ya isa, bai fi mega 72 a awa ba, don haka ba a nan ake neman ragi ba.

Game da ɗaukar gaba, ban goyi bayan ka rage ingancinta don gudun babban fayil ba. Abin da aka rasa a wurin ɗauka ba ya dawowa. Ka bar ta da nauyinta, ka matse daga baya sau ɗaya, ka goge asalin idan ka gamsu. Abin da zan ce ka canza shi ne wanda ke yin aikin. Lokacin ɗauka ka ba katin hoto, wato NVENC idan Nvidia ne, ko Quick Sync idan Intel ne, domin an yi su ne don gudu, kuma ba za su bar firosesa ya gaji har ya riƙa zubar da firam ba. Lokacin matsewar ƙarshe, inda babu gaggawa, sai ka koma x264, wanda ya fi su iya tsimi. Ka kuma riƙa ɗauka a nau'in fayil na MKV maimakon MP4 na gargajiya, domin idan kwamfuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗauka, MKV yana tsira da abin da aka riga aka rubuta, shi kuwa MP4 da ba a rufe ba yakan ƙi buɗewa gaba ɗaya. Na taɓa rasa aikin awa biyu ta haka.

Kada kuma ka sake barin kwamfuta ta kwana a kan saitin da ba ka gwada ba. HandBrake tana ba ka damar zaɓen daga sakan kaza zuwa kaza. Ka ɗauki minti ɗaya daga wurin da ya fi motsi, ka gwada a lambar RF 21, 23 da 25, ka kalla a waya. In ka tashi yin na gaske, ka sa caja, ka ɗora kwamfutar a kan tebur a ɗakin da ke da sanyi, ba a kan katifa ko darduma ba, domin idan ta yi zafi da kanta take rage gudu.

Mazaunin Jidda ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yanke gasar ta dawo minti 25, wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe kawai. Na gwada minti ɗaya a lambobi ukun da Hajiya ta Riyad ta ce. A 25 ciyawar ta fara laushi idan kyamara ta juya, tsakanin 21 da 23 kuwa ban ga bambanci a waya ba, sai na tsaya a 23, a 720, firam 60. Fayil ɗin ya fito mega 650 da 'yan kai, ƙasa da wancan da ya lalace, kuma har lambar da ke bayan rigar 'yan wasa ana karantawa. Jinkirin sautin ma ya tafi, ashe na yawan firam ne. Ƙanena ya sauke da daddare, ya kira ni yana yi mini dariyar fanaretin da na zubar.

Saura abu guda. Na lura launin bidiyon ya ɗan koɗe idan aka gwada da abin da muke gani a talabijin, baƙi ya koma toka-toka, kuma haka yake tun a fayil na asali.

Mai tace bidiyo a Riyad ta amsa:

Wannan ba daga matsewa ba ne, abu biyu za ka duba. Na farko, ka kashe HDR, wato yanayin da ke faɗaɗa haske da launi, a saitin allo na PlayStation lokacin ɗauka, domin idan hoton HDR ya shiga ɗaukar da ba a shirya masa ba, a koɗe yake fitowa. Na biyu shi ne zangon launi. Akwai cikakke, daga 0 zuwa 255, akwai taƙaitacce, daga 16 zuwa 235, kuma idan na'urar wasa ta aiko da taƙaitacce, kwamfuta ta karanta shi a matsayin cikakke, baƙin da ke kan 16 sai ya zama toka. Ka sa na'urar wasan da saitin na'urar ɗauka a cikin OBS duka a kan taƙaitacce, tsarin launin kuma Rec. 709, sannan ka ɗauki sakan talatin na wani wuri mai duhu ka gwada kafin daren Alhamis.