Wa ke yanka wa daraktocin kamfani ladansu?

Mai Shago a Jidda:
Salamu alaikum 'yan uwa. Bara na tara kuɗin shago na sayi hannun jari kaɗan a Tadawul, kasuwar hannun jari ta Saudiyya. Yanzu saƙo ya shigo wayata, wai in kaɗa ƙuri'a ta Tadawulaty, shafin intanet na masu hannun jari, kan ladan daraktocin kamfanin. Ribar da aka raba mana ba ta taka kara ta karya ba, su kuma nasu ya yi kauri. Abin ya tsaya min a rai. Su ke yanka wa kansu?

Baffa na Makka:
Wa alaikumus salam ɗana. Ba su da wannan ikon su kaɗai. Kundin dokokin kamfani ne ke faɗin yadda za a biya: ko kuɗi tsayayye, ko alawus na halartar zama, ko kaso daga riba. Kwamitin lada yana kawo shawara, babban taron masu hannun jari ya amince. Daraktoci ba sa kaɗa ƙuri'a kan nasu ladan. Tsohuwar dokar kamfanoni ta Saudiyya ta tsayar da riyal 500,000 a shekara ga kowane mutum, sabuwar da ta fara aiki a Janairun 2023 ta cire wannan iyaka.

Hajiya Ummi, Riyad:
Baffa ya faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya: darakta mai zaman kansa, wato wanda ba ma'aikacin kamfanin ba ne kuma ba shi da wata alaƙa da shi da za ta karkatar da ra'ayinsa, ba a ɗaure ladansa da riba, don kada ya kau da kai idan aka kumbura lissafi. Wanda ke kwamitin binciken kuɗi kuma yakan samu nasa daban. Buɗe rahoton shekara, an jera na kowa da sunansa.

Mai Shago a Jidda:
Na gode Baffa, na gode Hajiya. Daren nan zan karanta kafin in danna komai.