Tambaya kan hasken da ke fitar da ilektron daga ƙarfe

Assalamu alaikum malamai da ƴan'uwa. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, jarrabawar bak ta kammala sakandare ta matso, ga wani darasi ya tsaya mini a wuya. An ce jan haske, komai ƙarfinsa, ba ya fitar da ilektron (ƴan ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki) daga farantin zinki, amma ɗan hasken ultrabayolet (wanda ido ba ya gani) nan take yake fitarwa. Jiya da dare na lissafa da fitilar waya: fotan (ƙwayar haske) ja ɗaya na da makamashi wajen 1,8 eV (eV ma'aunin makamashi ne), zinki na neman kusan 4,3 eV kafin ya saki ilektron. To me ya hana uku su haɗu su biya? Einstein a 1905 ya ce haske ƙwayoyi ne, babin baya kuma an ce igiya ce. Wanne zan riƙe? Don Allah a warware mini.