Za a rushe bakin ruwa da tsakiyar gari a sake ginawa, mu 'yan haya ina makomarmu?

Ɗan Haya:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin gini da tsarin birane ku taimaka min da haske, abin nan ya hana ni barci. Birnin da nake zaune hukuma ta fito da wani gagarumin shiri wai za a sabunta tsakiyar gari da duk bakin ruwa, tun daga tsohuwar tashar jiragen ruwa har zuwa tsofaffin ɗakunan ajiyar kayan nan da suka daɗe a garƙame. Na je inda suka kafa hotunan na gani da idona, dogayen benaye na gilashi, otal, hanyar yawo a gefen ruwa da bishiyoyi, har da ɗan ƙaramin samfuri a cikin akwatin gilashi an kunna masa fitilu. Gaskiya ya yi kyau ba ƙarya. To amma na tsaya ina neman layinmu a jikin samfurin ban gan shi ba, daidai inda gidan da nake haya yake wani koren fili aka yi da 'yan mutanen roba suna zaune a benci, wallahi sai da na ji ƙafata ta yi sanyi. Shekara 9 ina gidan nan, a nan aka haifi yarana biyu, makaranta da ƙafa suke zuwa nima wurin aiki haka.

Tambayata, a garuruwan da aka taɓa irin wannan aikin su mutanen da aka tarar a wurin sun amfana kuwa ko korarsu kawai aka yi? Sannan sati mai zuwa akwai taron jin ra'ayin jama'a ina so in je, me ya kamata in tambaya? Ba na so in je in zauna kawai a tafa a tashi.

Kawu Tsohon Ma'aikaci:

Wa alaikumus salam. Ɗana ka kwantar da hankalinka tukuna, ka fara sanin abin da ya kashe wurin sai ka gane me ya sa kowane birni mai tasha yake wannan aikin. Kwantena ce ta kashe shi. Ni na yi aikin tasha, a da buhu buhu da akwati akwati ake sauke kaya da hannu da ƙugiya, jirgi ɗaya sai ya yi sati ko fiye a tsaye 'yan dako suna kai suna kawowa, shi ya sa ake bukatar tasha a cikin gari da ɗakunan ajiya a gefenta da gidajen leburori a bayansu. A 1956 wani Ba'amurke mai motocin dakon kaya, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 a jirgi daga Newark zuwa Houston, to daga nan komai ya juya. Jiragen suka ƙara girma suna son ruwa mai zurfi da makeken fili na jibge kwantena, tsohuwar tashar cikin gari ba ta da ko ɗaya.

Dubi Landan, tashoshinta ɗaya bayan ɗaya suka rinƙa rufewa tun daga shekarun 1960 har na ƙarshe a 1981, kaya suka koma tashoshin Tilbury da Felixstowe da ke wajen birnin. A shekarar ce gwamnati ta kafa hukuma ta musamman ta Docklands, wato yankin tsofaffin tashoshin, ta karɓe ikon ba da izinin gini daga hannun ƙananan hukumomin yankin, aka yafe wa masu zuba jari wasu haraji, aka yi ƙaramin jirgin ƙasa a 1987, aka gama dogon benen Canary Wharf a 1991. Yau dubun dubatar mutane ke aiki a can. Don haka ni ban ƙi a gyara ba, wurin da ya mutu barinsa haka ba alheri ba ne, ɓeraye da ɓata gari kawai yake tarawa. Sai dai in faɗa maka gaskiya tsakani da Allah, aikin da ya dawo wurin na banki ne da ofis, ba irin wanda ɗan dako mai shekara 50 zai iya ba, kuma mutanen unguwar sun daɗe suna kukan ba a shawarce su ba.

Injiniya:

Kawu ya gama magana a kan tarihi, Allah ya ƙara girma. Malam Ɗan Haya ni ta ɓangaren aikina zan zo maka. Kar hoton nan ya ɗauke maka hankali, hoto kwana biyu ake zana shi a kwamfuta, abin da zai nuna maka da gaske ake ko tallar fili ake yana ƙarƙashin ƙasa ne.

Yawancin bakin tasha ba ƙasar asali ba ce, ciko ne, an zuba yashi da ɓaraguzai a kan taɓo shekaru aru aru, ga kuma mai da gubar masana'antu da suka jiƙe ta. Kafin a ɗora bene mai hawa 40 sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar an kafa turakun kankare da rodi har su kai ƙasa mai ƙarfi. A San Faransisko ta Amurka akwai wani bene mai hawa 58, Millennium Tower, an buɗe shi 2009, zuwa 2016 aka gano ya nutse kusan santimita 40 kuma ya karkace, turakunsa a yashi suka tsaya ba su kai dutse ba, aka yi ta shari'a kafin a zo a ƙara masa wasu turakun. A ƙasar da ke da kuɗi da ƙwararru ke nan fa.

Sai ambaliya, wannan ita ce ta fi damuna wlh don teku ƙaruwa yake ba raguwa ba. Hambug ta Jamus ta sha wuya a 1962, ambaliya ta kashe mutum sama da 300, shi ya sa da suka zo gina sabuwar unguwar HafenCity a tsohuwar tasharsu, fili ne mai hekta 157, ba su yi wasa ba. Tituna da gine-ginen duk a kan tudun da aka ɗaga suke, mita 7 da rabi zuwa sama daga matakin teku, hanyar yawon bakin ruwa kuma aka bar ta a ƙasa da gangan, in ruwa ya taso ya shanye ta ya koma a wanke a ci gaba, garejin motocin da ke ƙasa an yi musu ƙofofin tare ruwa. To ga inda ya shafe ka kai tsaye, in aka ɗaga sabuwar unguwa aka bar tsohuwar da ke bayanta a kwari ba a faɗaɗa magudanan ruwa da kwalbatoci ba, ruwan saman da a da yake gangarawa teku ina zai je? Cikin ɗakunan talakawan da ke baya zai kwanta. Na ga wannan da idona a wani aiki da na taɓa yi, damina ɗaya kawai, mutane suna kwashe ruwa da bokiti katifu a kan katanga alhali tsallaken titi ko digo bai taru ba, har yau abin yana min ciwo.

Kowa in zai ba da misali sai ya ce Bilbao ta Sifen, wai gidan tarihin Guggenheim da aka buɗe 1997 shi ya tayar da garin. Ba a faɗin cewa kafin nan sun yi shekara da shekaru suna tsabtace kogin Nervión da ya zama kwata, sun matsar da tasha zuwa bakin teku, sun buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1995. Garuruwa da yawa sun kwaikwayi ginin ba su kwaikwayi aikin kwatar ba.

A taron ka tambaye su filin na waye yanzu, sayar da shi za a yi ko haya za a bayar ta shekaru. Ka nemi rahoton gwajin ƙasa da na ambaliya. Ka tambaya wa zai biya kuɗin titi da magudana da ruwa da wuta, kamfani ko harajin jama'a.

Uwar Biyu:

Injiniya duk abin da ka faɗa gaskiya ne amma bawan Allahn nan ɗan haya ne, kafin a kai ga turaku an riga an fitar masa da kaya waje. Ƙanina saurare ni da kyau don ni abin nan a kaina ya faru. Diyya mai gida ake biya, mai takardar fili, kai da kake biyan haya shekara 9 in ba a rubuta sunanka a wani wuri ba ko sisi ba za ka gani ba, takardar tashi kawai za a miƙo maka. Mu haka aka yi mana, aka tara mu aka ce za a gina gidaje masu sauƙin kuɗi a cikin aikin kuma mu za a fara ba wa, muka yarda da baki ba takarda, aka gama gini gidajen masu sauƙin aka ce sai kashi na biyu, kashi na biyun har yau shiru. Yanzu mota biyu nake hawa kafin in kai wurin aikin da a da minti 10 ne da ƙafa, maƙwabciyata da muka yi shekaru muna riƙe wa juna yara ban ma san unguwar da ta faɗa ba, wannan ba a biyan diyyarsa.

Kuma ko ba a rushe gidanka ba kar ka saki jiki, da an fara aikin mai gida zai ga darajar wurin ta tashi ya ninka haya, ka tashi da ƙafarka ba wanda ya kore ka a takarda.

Ko Seoul ta Koriya ta Kudu da ake ta yabo, sun cire gadar sama sun buɗe rafin Cheonggyecheon tsakanin 2003 da 2005 lokacin Lee Myung-bak yana magajin gari, wurin ya yi kyau sosai kowa na zuwa, amma 'yan kasuwar da ke gefen aka ce an gina musu wata katafariyar kasuwa Garden Five can nesa a gefen gari, da yawansu kuɗin shagon ya fi ƙarfinsu, waɗanda suka shiga kuma ba ciniki don masu sayensu ba su bi su ba.

Abin da zan ce maka kar ka je kai kaɗai. Ku bi gida gida ku rubuta sunan kowane ɗan haya da shekarun da ya yi da yawan iyalinsa, ku haɗa rasit ɗin haya, ku kai a buga muku hatimin an karɓa. Ku nemi a rubuta adadin gidaje masu sauƙin haya da lamba ba da "wasu" ba, a wane kashi za a gina su, shekara nawa za su yi a kan wannan farashin, kuma waye zai fara shiga. Hambug ɗin da Injiniya ya ambata a 2011 suka kafa tsarin kashi ɗaya cikin uku na manyan ayyukan gidaje ya zama na haya mai tallafi, ashe ana iyawa in an so.

Matashi:

Anti Allah ya saka miki, abin da aka yi muku bai dace ba sam. Amma dan Allah kar mu sa shi ya je da niyyar a fasa aikin gaba ɗaya. San Faransisko gadar sama mai hawa biyu ce ta raba gari da ruwa, girgizar ƙasar 1989 ta lalata ta aka rushe a 1991, yau talaka da mai kuɗi duk suna yawo a wurin kyauta. Cape Town ma da suka fara gyaran bakin ruwansu a 1988 ba su kori jiragen kamun kifi da masu gyaran jirgi ba, har yanzu ana aiki a gefen kantunan. Ni abin da zan ƙara a tambayoyin shi ne hanyar bakin ruwan ta kowa ce a doka ko ta kamfani ce da mai gadi zai iya cewa tashi? Kuma aikin ginin kansa samarin unguwa nawa za a ɗauka a koya musu walda da aikin wuta da famfo?

Injiniya:

Tambayar mai gadin nan ta yi, a saka ta. Na manta abu ɗaya mai muhimmanci, kamfani yana iya karyewa ana tsakiyar aiki. Kamfanin Olympia & York da suka gina Canary Wharf sun durƙushe a 1992, shekara ɗaya bayan gama benen, wurin bai farfaɗo sosai ba sai da layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Jubilee ya iso a 1999. A Hambug ɗin ma benen Elbtower ya tsaya cak a Oktoban 2023 yana wajen mita 100 saboda kamfanin Signa ya shiga matsalar kuɗi. Harborplace, rukunin shagunan bakin ruwa na Baltimore ta Amurka da aka buɗe 1980, garuruwa suka yi ta kwaikwaya, zuwa 2019 kotu ce ta naɗa mai kula da shi shaguna sun watse. Ga kuma ofisoshi tun bayan korona ba sa cika kamar da. Saboda haka ku dage a kan kar a rushe layi ko ɗaya sai kuɗin ginin wannan kashin yana hannu an sa hannu da ɗan kwangila, kuma a rubuta cewa in kamfani bai fara gini ba cikin wa'adi filin ya dawo hannun hukuma. Mafi munin abin da zai same ku shi ne a tashe ku a kewaye wurin da kwano ya shekara 10 ciyawa na fitowa.

Ɗan Haya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, Kawu Allah ya ƙara lafiya. Anti na bi shawararki tun daren jiya, ni da maƙwabta biyu mun zaga layinmu da na bayanmu mun rubuta gida 23, wasu ma wallahi ba su san da zancen taron ba sam, akwai wata tsohuwa da ta ce shekara 31 tana ɗaki ɗaya kuma duk rasit ɗinta suna cikin wata leda ta ɗauko ta nuna mana. Mun yi da su za mu tafi tare, mun raba tambayoyin kowa ya riƙe ɗaya don kar a ce mutum ɗaya ya cika surutu a karɓe makirfo. Injiniya dan Allah rahoton ambaliyar nan in sun ba mu shi wane shafi zan fara dubawa, kuma zan iya ɗaukar hotonsa in turo maka nan ka duba mana?